Koh-i-Noor da Gwal ɗin Asante: Wa Ke da Kayan Adon Sarakuna, Kuma Ta Yaya Ake Ganewa?

Daimon ɗin da ke cikin kambin sarautar Ingila, wanda ake kira Koh-i-Noor, na wane ne? Tambayar ta sake tasowa ranar 6 ga Mayu 2023 da aka naɗa Sarki Charles na Uku. Matan sarakuna uku da suka gabata, Alexandra a 1902, Mary a 1911 da Elizabeth mahaifiyar marigayiya Sarauniya a 1937, duk an ɗora musu kambi mai ɗauke da wannan dutse. Da aka zo kan Camilla sai aka bar shi a ma'ajiya. Fadar ta ce tsimi ne ya sa aka gyara tsohon kambi maimakon a ƙera sabo, amma kowa ya gane ana gudun ɓacin ran Indiya ne. Bayan shekara biyu, ranar 19 ga Oktoba 2025, ɓarayi suka kutsa gidan adana kayan tarihi na Louvre a Paris da safe, suka kwashe kayan adon sarautar Faransa guda takwas da aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai yuro miliyan 88. Nan ma magana ta tashi, wasu na cewa ai kayan sata ne aka sake sacewa.

Amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce duk abin da ke fadojin Turai kayan ƙwace ne, a mayar kawai. Wasu su ce akwai takarda da sa hannu, don haka magana ta ƙare. Duka biyun suna tsallake aikin da ke tsakiya, wato bin dutse ɗaya hannu bayan hannu, a ga wa ya riƙe shi, a wane matsayi ya riƙe, kuma ta wace hanya ya fita daga hannunsa.

Kayan sarauta daban, kayan sarki daban

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. In Sarkin Katsina ya rasu, ba a saka takobin nan Gajere cikin rabon gado, haka tagwayen masu a Kano. Na sarauta ne, wanda ya hau shi zai riƙe, ya bar wa na bayansa. Amma rigunan sarki da dawakin da ya saya da kuɗinsa, wannan magada ke da su.

Haka abin yake a Birtaniya. Kayan da ke ajiye a Hasumiyar Landan, masu ɗauke da duwatsu masu daraja sama da 23,000, amana ce a hannun sarki, ba shi da ikon sayar da ko ɗaya. Akwai kuma kayan da dangin suka mallaka na kansu, waɗanda ake bayarwa ta wasiyya. Dutse ɗaya ma yana iya rabuwa tsakanin biyun. Daimon ɗin Cullinan da aka haƙo a Afirka ta Kudu a Janairun 1905, mai nauyin karat 3,106, gwamnatin Transvaal ce ta saye shi fam 150,000 ta ba Sarki Edward na Bakwai a 1907. Da aka yanka shi a Amsterdam, manyan ɓangarori biyu suka shiga kayan sarauta: mai karat 530 a kan sandar sarki, mai karat 317 a goshin kambi. Ƙananan kuwa suka zama mallakin Sarauniya Mary, ta bar wa jikarta Elizabeth ta Biyu a 1953. Uku daga cikin waɗannan ƙananan ne aka liƙa a kambin Camilla.

Kada a rikita karat ɗin dutse da na gwal. In mai sayar da sarƙa a kasuwa ya ce 18 ko 21, tsarkin zinariyar yake nufi. A wajen daimon kuwa nauyi ne: karat biyar su ne giram ɗaya.

Wannan bambanci na kayan sarauta da kayan sarki shi ne tushen yawancin rigingimu, musamman in sarauta ta faɗi. A Indiya an daɗe ana ja tsakanin gwamnati da magadan Nizam, wato sarkin Hyderabad, kan kayan adonsa, sai a 1995 gwamnati ta biya rufi biliyan 2.18 ta karɓi guda 173. A Iran kuwa tun 1937 aka yi doka ta mai da kayan adon sarakuna dukiyar ƙasa, har aka jingina darajar kuɗin ƙasar a kansu, shi ya sa har yau suke ƙarƙashin Babban Bankin ƙasar a Tehran.

Yadda ake bin salsalar dutse

Aikin ya yi kama da na malaman hadisi wajen bin isnadi: wane daga wane, kuma ina sarƙar ta yanke. Mai bincike yana duba kundin lissafin baitulmalin fada, da littafin ciniki na maƙeran da suka yi aikin, da wasiyyoyi, da takardun gwanjo, da zanen hotunan sarakuna inda aka nuna su sanye da kayan. Sannan ya koma kan dutsen kansa, ya auna nauyi, ya duba yanka da launi da ɗan tabon da ke cikinsa.

Wahalar ita ce dutse ba ya ɗauke da suna a jikinsa. Ana ɓalle shi daga sarƙa a mayar kan kambi, ana sake yanka shi ya canza kama, ma'aunin nauyi na da kuma ya bambanta daga gari zuwa gari. Shuɗin daimon ɗin nan na Hope misali ne mai kyau. Wani ɗan kasuwar Faransa, Tavernier, ya kawo babban shuɗin dutse daga Indiya ya sayar wa Sarki Louis na Sha Huɗu wajen 1668. A Satumban 1792, ana tsakiyar juyin juya hali, aka fasa ma'ajiyar kayan sarauta a Paris aka sace shi. Shiru har 1812, sai ga wani shuɗin daimon da bai kai shi girma ba ya ɓulla a hannun wani dillali a Landan, daidai lokacin da wa'adin shekara 20 na bin sawun laifin ya cika. An yi ta zargi tsawon zamani cewa shi ne aka rage wa girma don a ɓatar da kama. Abin da ya ƙarfafa hujjar shi ne wani kwafi na dalma na ainihin dutsen Faransa da aka gano a 2007 a gidan tarihin halittu na Paris. Da aka gwada siffofin biyu a kwamfuta, sai aka ga Hope ya zauna daram a cikin tsohon. Yau yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington da nauyin karat 45.52. Kusan shekara 200 aka ɗauka kafin a haɗa wannan gaɓa guda ɗaya.

Koh-i-Noor: inda tatsuniya ta tsaya, inda takarda ta fara

Sunan na Farisanci ne, ma'anarsa Tsaunin Haske. Za ka ji ana cewa dutsen ya shekara dubbai, wai shi ne wanda aka ambata a tsofaffin littattafan addinin Hindu, ko kuma shi ne babban daimon ɗin da Babur, wanda ya kafa daular Mughal a Indiya, ya rubuta labarinsa bayan yaƙin Panipat a 1526. Babu hujjar da ta ɗaure waɗannan labarai da wannan dutse, domin manyan daimon da yawa sun ratsa baitulmalin Mughal. Abin da ya kamata a sani shi ne daga ina labaran suka yaɗu. Bayan Turawa sun karɓi dutsen, Gwamna Janar Dalhousie ya sa wani matashin jami'i mai suna Theo Metcalfe ya tattaro tarihinsa a Delhi. Shi kuwa ya bi masu sayar da duwatsu da mutanen fada yana rubuta abin da suka gaya masa. Ji-ta-ji-tar kasuwa ta shiga takardar gwamnati, daga nan marubuta suka yi ta kwafa har ta zama kamar tarihi tabbatacce.

Ambaton farko da masana suka amince da shi na Muhammad Kazim Marvi ne, marubucin tarihin Nader Shah na Iran a shekarun 1740, wanda ya ga dutsen a kan Karagar Ɗawisu. Karagar nan Sarki Shah Jahan ne ya sa aka ƙera, aka gama a 1635. A 1739 Nader Shah ya ci Delhi da yaƙi, aka yi kisa mai yawa a birnin, ya kwashe karagar da dukiyar Mughal zuwa ƙasarsa. Aka kashe shi a 1747, dutsen ya faɗa hannun Ahmad Shah Durrani, ɗaya daga kwamandojinsa, wanda ya kafa daular Afganistan. Jikansa Shah Shuja ya rasa mulki ya zama ɗan gudun hijira a Lahore, inda Maharaja Ranjit Singh, sarkin mabiya addinin Sikh, ya karɓe dutsen a 1813. Mutanen Ranjit Singh sun ce ladan ceton mijinta ne da matar Shuja ta yi alkawari, Shuja kuwa ya ce tsare shi aka yi aka matsa masa har ya miƙa.

Ranjit Singh shi ne ya mai da dutsen alamar mulki, yana ɗaura shi a damtse ranakun biki. An ruwaito cewa yana gab da rasuwa a 1839 ya nuna a kai shi wurin bautar Jagannath da ke Puri, amma ma'ajinsa ya ƙi, ya ce dukiyar masarauta ce, ba ta sarki ba. Ka ga tsohuwar gardamar nan ta sake bayyana tun kafin Bature ya sa hannu.

Bayan rasuwarsa gidan ya rikice da kashe-kashe, har sarauta ta faɗo kan ƙaramin ɗansa Duleep Singh a 1843 yana ɗan shekara biyar. Kamfanin Birtaniya mai mulkin Indiya ya yaƙi Sikh sau biyu ya yi nasara. A 1847 aka raba yaron da mahaifiyarsa Jind Kaur, aka tsare ta. Ranar 29 ga Maris 1849 aka kawo wa yaro ɗan shekara 10 yarjejeniyar da ta haɗiye Punjab baki ɗaya, ya sa hannu. Sashe na uku ya ce Maharaja na Lahore zai miƙa Koh-i-Noor ga Sarauniyar Ingila, har ma sashen ya tuna cewa Ranjit Singh daga hannun Shah Shuja ya karɓe shi. Ba banza aka saka wannan tuni ba: ana nuna cewa abin da ƙarfi ya kawo, ƙarfi ne ya ɗauke.

Dalhousie da kansa ya ɗauki dutsen cikin ɗamara zuwa Bombay, aka sa shi a jirgin ruwa, ya isa hannun Sarauniya Victoria a Yulin 1850. Da aka nuna shi a babban baje kolin Landan na 1851, 'yan kallo suka ce ba ya ƙyalli yadda suka zata, domin yankan Mughal nauyin dutse yake tattali. Sai mijin Victoria, Yarima Albert, ya sa aka sake yanka shi a 1852 ƙarƙashin kulawar kamfanin Garrard, maƙeran kayan adon sarauta. Daga karat 186 ya koma 105.6. Ko da an ce a mayar da shi gobe, sama da kashi 40 cikin ɗari na dutsen da Ranjit Singh ya ɗaura ya riga ya zama ƙura.

Kyauta ce, ganima ce, ko ƙwace?

Matsayin Birtaniya bai canza ba tun da: akwai yarjejeniya. Da Firaministan Pakistan Zulfikar Ali Bhutto ya nemi dutsen a 1976, takwaransa na Birtaniya James Callaghan da yarjejeniyar 1849 ya ba shi amsa. David Cameron kuwa, yana Firaministan Birtaniya a 2010, cewa ya yi in aka amsa wa ɗaya, sai a wayi gari gidan tarihin Birtaniya ya zama wayam. Suna kuma da wata hujja mai ƙarfi: wa za a ba? Indiya ta nema tun 1947. Pakistan ta ce ai a Lahore aka ɗauke shi, Lahore kuwa tata ce. Taliban ta nema wa Afganistan a 2000. A Iran ma akwai masu da'awa, alhali wani babban daimon da Nader Shah ya kwaso daga Delhi a tafiya ɗaya, Darya-i-Noor, yana nan Tehran. Ita kanta Indiya ta taɓa tuntuɓe: a Afrilun 2016 lauyan gwamnati ya gaya wa Kotun Ƙoli cewa ba sace dutsen aka yi ba kuma ba a ƙwace shi da ƙarfi ba, washegari gwamnati ta fito ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta ta dawo da shi cikin lumana. Dokar ƙasa da ƙasa ba ta taimaka sosai, domin yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan kayan tarihi ba ta waiwayar abin da ya faru kafin a kafa ta.

A ganina akwai abu biyu da ake haɗawa da gangan. Wahalar gano wanda ya fi cancanta gaskiya ce, kuma duk mai cewa amsar a fili take bai karanta salsalar ba. Amma wannan wahala ba ta wanke abin da ya faru a 1849. Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji babin ciniki ya san kyautar yaron da bai balaga ba ba ta ƙulluwa, haka ta wanda aka tilasta. A nan duka biyun sun haɗu: yaro, an raba shi da uwarsa, sojoji na kewaye da fadarsa. A kira shi ganimar yaƙi, wannan ana iya tattaunawa, tunda haka ya shiga hannun Nader Shah ma. Kiransa kyauta ne ba zai yiwu ba. Duleep Singh ya ƙare rayuwarsa a wani otal a Paris a 1893, bayan ya yi shekaru yana neman haƙƙinsa bai samu ba. Su kansu masu kula da Hasumiyar Landan, a sabon bayanin da suka kafa a 2023, sun kira dutsen alamar cin ƙasa da yaƙi.

Faransa: ƙasar da ta yi gwanjon kayanta

Labarin kayan Louvre daban ne, shi ya sa cewa "kayan sata ne aka sake sacewa" bai zauna daidai ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A Mayun 1887 gwamnatin jamhuriya ta yi gwanjon mafi yawan kayan adon sarautar Faransa, don kada a bar wa masu burin dawo da sarauta abin riƙewa. Kamfanin Tiffany na Amurka na cikin manyan masu saye. Daga baya ƙasar ta koma tana bin su da tsada. Kambin lu'ulu'u na Eugénie matar Napoleon na Uku, wanda aka ƙera a 1853, ya shiga hannun gidan Thurn und Taxis na Jamus, sai a 1992 ƙungiyar masoya Louvre ta sayo shi. Yana cikin waɗanda aka sace. Salsalarsa daga maƙeri zuwa yau a rubuce take. Inda takarda takan yi shiru shi ne can farko: wace mahaƙa, kuma wa ya haƙa, a kan wane lada. Wannan tambaya ta shafi Cullinan ma, domin gwamnatin da ta saye shi ta yi kyauta da shi gwamnatin Turawa ce tsantsa, baƙaƙen ƙasar ba su da ƙuri'a a cikinta.

Kumasi: aron abin da aka ƙwace maka

A Fabrairun 1874 rundunar Janar Garnet Wolseley ta Birtaniya ta shiga Kumasi, babban birnin Asante a Ghana ta yau, ta kwashe kayan fadar Asantehene (sarkin Asante) Kofi Karikari, ta rusa fadar ta ƙone garin. Aka kuma ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya. Mu ma tarihin ya taɓo mu, domin akwai sojojin Hausawa a rundunar Kyaftin Glover da ta biyo ta gabas a wannan yaƙi. Kaso mai yawa na gwal ɗin ya bi ta hannun Garrard, kamfanin da ya kula da yankan Koh-i-Noor, daga nan ya watsu gidajen tarihi da hannun masu kuɗi.

A nan babu ruɗanin wa za a ba. Masarautar na nan, fadar na nan, an san ranar da aka ɗauka da wanda ya ɗauka. Duk da haka, abin da aka samu a 2024, shekara 150 cif bayan yaƙin, aro ne: kaya 32, 17 daga gidan tarihi na Victoria da Albert, 15 daga gidan tarihin Birtaniya, na shekara uku da damar ƙara uku. Gidajen biyu sun ce dokokin 1963 da 1983 sun hana su rabuwa da kayansu dindindin. An ƙulla yarjejeniyar da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ne kai tsaye, gwamnatin Ghana ba ta ciki. A Fabrairun 2024 kuwa gidan tarihi na Fowler da ke Los Angeles ya mayar da kaya bakwai ba tare da sharaɗin dawowa ba, abin da ya nuna cewa inda doka ba ta ɗaure ba, ana iyawa.

Ra'ayi ya rabu. Masu suka sun ce karɓar aro amincewa ce cewa mai ba da aron shi ne mai kaya. Masu goyon baya sun ce da babu gara ba daɗi, kuma mutanen da kakanninsu suka ƙera kayan sun samu sun gan su da idonsu a gidan tarihi na fadar Manhyia da ke Kumasi. Ina fahimtar ɓangaren biyu, amma ina ganin kamata ya yi a riƙa faɗin sunan abin a fili: doka ce majalisar Birtaniya ta yi, majalisar kuma tana iya gyara ta in ta ga dama.

Ina ruwan talaka?

Na farko, wa ke iya gani. Mutumin Lahore ko Amritsar da ke son ganin Koh-i-Noor sai ya nemi biza, ya biya kuɗin jirgi, sannan ya biya sama da fam 30 a ƙofar Hasumiyar Landan. Ɗalibi a Kumasi kuwa yanzu kuɗin mota kawai zai kai shi gaban takobin sarakunansa, kuma baƙin da ke zuwa kallo a garin suke kwana, a garin suke cin abinci.

Na biyu, kuɗin jama'a. Sayo kaya daga gwanjo, gina wurin ajiya, tsaro da inshora, mafi yawa daga baitulmali suke fitowa. Mayar da kaya ga gwamnati ma ba ya nufin jama'a za su gani: kayan Nizam na Hyderabad tun da aka saye su mafi yawan lokaci suna kulle a Babban Bankin Indiya, sau kaɗan aka fito da su baje koli.

Na uku ya shafi sata. Kayan da aka san salsalarsu, aka ɗauki hotonsu ta kowace fuska, ba sa sayuwa a kasuwar fili. Wannan kariya ce, amma tana da kaifi biyu, domin ɓarawon da ya kasa sayar da sarƙa sukutum zai ɓalle duwatsun, ya narka zinariyar, ya sake yanka manyan, kamar yadda aka yi wa shuɗin daimon ɗin Faransa bayan 1792. Abin da masana suka fi jin tsoro ke nan game da kayan Louvre. Wani kambin Eugénie daban, na 1855, da ɓarayin suka yar a hanya wajen gudu ya lotse, amma shi ne aka tsinta a ranar, da kusan dukkan duwatsunsa a jiki.